A Ƙara wa Tabki Zurfi a Shekarar Fari? Lacca ga Jama'ar Filinge da Ƙasar Kurfai



Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya ja zamaninka. Masu gari da sauran iyayen ƙasa, malamanmu Allah ya gafarta muku, magajin gari da ma'aikatan gwamnati, iyayenmu mata, ardo-ardo da manyan makiyaya, masu garka da masunta, da ku samari da ƴan mata da kuka cika bayan rumfa, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka baro ayyukanku kuka zo.

Maganar da ta tara mu ba baƙuwa ba ce a Kurfai. Duk shekarar da damina ta yi gardama, tabki ya soma janyewa tun ba a gama kai hatsi rumbu ba, sai ka ji ta a kasuwa, ka ji ta a bakin masallaci, ka ji ta a fada: "Ai tabkin nan cikewa ya yi. A kawo katafila a ƙara masa zurfi, ruwa ya riƙa kai mu damina." Mai faɗar haka yana da hujja. Makiyayi ya gaji da jan guga tun asuba. Mai garka yana kallon kabejinsa da albasarsa suna neman wata guda kafin su nuna, ruwa kuwa ya ja baya taku ɗari. Samari su ma suna da tasu buƙata, suna son wurin da za su yi wanka, su zauna a inuwa da yamma, su kai ƙannensu ranar sallah. Kada wani dattijo ya raina wannan. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, bakin ruwa mai inuwa rahama ce, kuma yaron da ya sami wurin hutawa a garinsu bai cika ɗokin barinsa ba.

Ga matsayina tun da fari, don kowa ya san inda na dosa. Ina goyon bayan a yashe tabkin da rairayi ya cike, kuma rani na shekarar fari shi ne lokacin da ya fi dacewa da aikin. Amma ina roƙonku kada a sa ƙarfe a gindin tabki sai an san abin da ke ƙarƙashinsa, kada a haƙe shi duka, kuma kada a yi tsammanin rami zai kira ruwan da sama ba ta zubar ba. Aikin da ya fi yawa ma ba cikin tabkin yake ba, yana can kan tudu inda rairayin ke fitowa.

Mu soma da ƙasar da muke zaune a kanta. Dallol Boso tsohon kogi ne. Shekaru dubbai da suka wuce ruwa na gangarowa ta nan tun daga Azawak har ya faɗa kogin Isa wajen Bumba. Kogin ya mutu, rairayi ya cike kwarinsa, amma ruwa bai bar ƙarƙashin rairayin ba. Shi ya zaunar da kakanninmu a nan, shi ya sa goriba da gawo suke tsaye kore da rani, shi ya sa mutanen Bonkuku suka yi suna da noman dankalin Turawa da ruwan gajerun rijiyoyi. Dama da hagu kuwa duwatsu ne da fako, inda ruwan sama ba ya nutsewa, sai dai ya taru ya zubo ta koramu.

Saboda haka tabkunanmu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido yana ganinsu ɗaya. Akwai wanda ruwan sama ke cikawa ta korama, ya zauna a kan shimfiɗar laka wadda ta hana shi nutsewa. Yawancin na wajenmu irin wannan ne. Akwai kuma wanda ruwan ƙasa ne da kansa ya ɓullo a wuri mai kwari, irin waɗanda suka fi yawa can kudancin Dallol, wajen Boboye. Na biyun in ka ƙara masa zurfi za ka tarar da ruwa, amma ruwan da ke tsaye a rana shekara da shekaru yana barin gishirinsa a baya, kuma ba banza ba ake dafa kanwa a wancan yanki. Na farkon kuwa rayuwarsa duka tana kan lakar nan. Wanda bai bambance su ba ya ba da kwangilar haƙa, caca ya yi da kuɗin jama'a.

Yanzu bari in ba masu son zurfi gaskiyarsu, don suna da ita, kuma lissafi yana bayansu. Ruwan saman da Filinge ke samu a shekara yana kaiwa da komowa tsakanin milimita 300 da 500. Abin da rana da iska ke ɗauka daga saman buɗaɗɗen ruwa a ƙasar nan ya wuce mita biyu a shekara. Mu ɗauka milimita 7 ne a yini, a tsakaice. Tabki mai faɗin eka ɗaya ta gwamnati, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, yana asarar lita 70,000 kowace rana, ba wanda ya ɗebi ko moɗa guda. Ganga 350 ke nan masu cin lita 200. In saniya tana shan lita 35, rana kaɗai tana shanye rabon shanu 2,000 kullum. In zurfin tabkin mita ɗaya ne ranar da ruwan sama ya ɗauke a farkon Oktoba, kafin ƙarshen Fabrairu ya ƙafe, ko da an kewaye shi da ƙaya an hana kowa taɓawa. Kafin ruwa ya kai ka ƙarshen Yuni, tare da abin da dabbobi za su sha da wanda ƙasa za ta tsotse, sai zurfi ya kai mita uku ko fiye.

Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da alƙalami ba. Zuba ruwa a faranti, ka zuba daidai shi a tulu, ka aje su a tsakar gida. Na faranti ba zai kai la'asar ɗin gobe ba. Ruwan eka ɗaya mai zurfin mita ɗaya, in ka tattara shi a rubu'in eka mai zurfin mita huɗu, abin da rana za ta ɗauka a yini ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ita ce hujjar ƙara zurfi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ku lura da abin da take cewa: a rage faɗi, a ƙara zurfi a wuri ɗaya. Ba ta ce a kankare gindin tabki baki ɗaya a ƙara masa taƙi biyu ba, wanda shi ne abin da ƴan kwangila suka fi yi domin shi ya fi sauƙi ga katafila, shi kuma ya fi kyau a hoto.

To, ina haɗarin yake? Ku je gindin tabkin da ya bushe, ku sa magina rijiya su yi rami mai faɗin gaba ɗaya, ku tsaya ku dubi bangonsa. A sama za ku ga ɓawon laka da ya tsattsage, yana ɓantarewa a hannu. Ƙarƙashinsa jan rairayi ne gauraye da tsakuwa, wani wuri har da ɓaraguzan kwalba da leda, kuma wannan shi ne baƙon da korama ta kawo cikin shekarun nan. In kuka ci gaba sai ku tarar da baƙar laka mai danƙo, wadda diga ke shiga da ƙyar, in ka jiƙa ta ka murza tsakanin tafin hannu ta yi igiya ba ta karye ba. Wannan shi ne gindin tabki na asali. Ruwa ne ya shimfiɗa ta sannu a hankali, ƙafafun shanu suka daddaɓe ta shekara da shekaru. A wani wuri kaurinta ya kai tsayin mutum, a wani wurin bai wuce kamu ɗaya ba. Ƙarƙashinta sai farin rairayin Dallol, mai shan ruwa ba ya ƙoshi. Duk abin da ke saman baƙar lakar nan halal ne a kwashe shi. Ranar da haƙoran katafila suka huda ta suka taɓa farin rairayi, tabkin da ke kai mu Fabrairu zai iya ƙafewa tun Nuwamba, kuma ba kuɗin da zai mayar da lakar a damina ɗaya.

Direban katafila ba mugu ba ne. Yana zaune a sama cikin ƙara da ƙura, an ce masa mita biyu, mita biyu zai yi. Mutanen da suka san inda laka ta yi kauri da inda ta yi siriri suna nan cikinku: magina rijiya, masu yin tubali, mata masu ginin tukwane da suka san ramin da ake samun yumɓu mai kyau. A tara su kafin a tara injiniyoyi, sa'an nan a haɗa su wuri ɗaya. Ramukan gwaji goma ko ashirin a warwatse cikin tabki ba za su ci kuɗin man katafila na yini biyu ba.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan araha, sai dai yana son haƙuri. A kafa sanda a cikin tabki tun kafin damina, a yi mata zane-zanen santimita da fenti, a sa ɗan lakkol ɗaya ya riƙa dubawa kowace safiya yana rubutawa a littafi. In ruwa na sauka ƙasa da santimita ɗaya a yini, aikin rana ne. In yana sauka santimita uku, biyar, goma, ƙasa ce ke sha. Masu binciken da suka yi irin wannan awo a tabkunan da ke gabas da Yamai tun farkon shekarun 1990 sun ga abu ɗaya yana maimaituwa: idan tabki ya cika ya hau kan rairayin gefe, ruwa na sauka da sauri ƙwarai, da zarar ya koma cikin da'irar laka sai saukar ta yi sanyi. Littafin yaron nan zai nuna mana daidai inda lakar tabkinmu ta tsaya.

Kuma ruwan da ya nutse ba ɓata ya yi ba. Wannan batu yana da ban mamaki, ya kamata kowa ya ji shi. A ƙasar Fakara, maƙwabciyarmu, tsakanin kogin Isa da Dallol Boso, masu bincike na Faransa da na Jami'ar Abdu Mumuni sun bi awon rijiyoyi na shekaru masu yawa, suka tarar ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita huɗu tsakanin 1963 da 2007. A cikin shekarun nan ne aka yi farin 1973 da na 1984. Dalili shi ne an sare daji an yi gonaki, ƙasa ta yi fako, ruwan sama ya daina tsayawa inda ya faɗi, ya riƙa kwarara zuwa tabkuna, tabkuna kuma suka riƙa tura shi ƙasa ta gefunansu. Ba ina yabon saran daji ba ne, don abin da rijiya ta samu gona ce ta rasa shi, kuma kwararar nan ita ce ke ɗauko rairayin da ke cike mana tabki. Abin da nake so mu riƙe shi ne tabki yana shayar da rijiyoyin da ke kewaye da shi, kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa rana ba ta ganinsa, sauro ba ya haihuwa a cikinsa. In abin da muke nema ruwan garka ne da na sha a watan Mayu, sau da yawa rijiyoyin siminti kaɗan a gefen tabki sun fi ƙarin zurfi amfani, sun kuma fi shi araha. Noman ranin da Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu, ya tsaya a kansa bayan farin 1984, wanda ya rayu har yau a Dallol a kan rijiya ya rayu.

Sai batun fari kansa. A nan ne nake jin tsoron gaggawa. Mutum in yana cikin ƙishirwa ba ya tambayar ko ruwan da zai cika sabon ramin yana nan. Tabki ba ya samun fiye da abin da koramarsa ta kawo. In a shekarar fari korama ta kawo abin da bai cika tsohon tabki ba, ninka girman ramin ba zai ƙara ko ɗigo ba. Tabkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin tsakiyar shekarun 1980 bai fi kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Najeriya ta kashe dukiya mai yawa ta haƙa manyan magudanai a Barno don jawo ruwansa zuwa gonakin alkama da shinkafa, kafin a ci moriyar aikin ruwa ya ja baya ya bar bakin magudanan a tudu. A watan Yunin 1985 kogin Isa da kansa ya daina gudu a Yamai. Zurfin da za mu yi bana ba zai shayar da saniya ko ɗaya bana ba. Amfaninsa sai shekarar da aka yi ruwa, ya ajiye mana rarar da da ta malale. A faɗa wa mutane wannan a fili tun yanzu, don kada su sa rai a inda babu, su zo suna zargin juna.

Duk da haka na ce rani na shekarar fari shi ne lokacin aiki, kuma ina nan a kan bakana. A shekarar ruwa gindin tabki ba ya bushewa sai dab da damina, ba mai iya shiga. Bana kuwa ya bushe da wuri, ya ba mu wata uku ko huɗu. Kuma a shekarar da rumbu bai cika ba ne samari ke kama hanyar Legas da Abijan da Libiya. In kuɗin aikin nan zai shiga aljihun wani, gara ya shiga nasu. Haƙa da hannu yana da jinkiri, ba na musu. Eka ɗaya mai zurfin mita biyu ƙasa ce ta cikin tifa 2,000 masu ɗaukar kubik mita goma-goma, wannan ya fi ƙarfin kwando da shebur. Amma rubu'in eka bai fi ƙarfin gari ba, kuma mai haƙa da diga yana jin canjin ƙasa a hannunsa, yana ganin launinta, ya san lokacin tsayawa. In ya zama dole a kawo inji, ya kwashe rairayin sama, a bar wa hannu kamu biyun ƙarshe. A fara da sassafe a tashi kafin rana ta take, a kai wa ma'aikata ruwan sha, a kuma biya su a kan lokaci.

Ƙasar da aka kwashe kuma kada a jibge ta a bakin tabki. Kowa a nan ya taɓa ganin irin tulin nan da ake bari a gefe, ruwan farko ya wanke rabinsa ya mayar inda aka ɗebo shi. A kai ta nesa, a bayan inda ruwa ke kaiwa. Mai laka-laka a ba masu amalanke su kai gonakin jigawa, taki ce. Saura a yi tubali.

Amma ko an yi duk wannan daidai, in ba a taɓa tudu ba, cikin ƴan shekaru za mu sake taruwa a rumfar nan a kan magana ɗaya. Rairayin da ya cike tabki ba daga sama ya faɗo ba. Ku bi korama ku hau, za ku ga inda ta faro: fakon da da can sabara da geza suka rufe, yau ba ko ciyawa, ruwa na gudu a kansa yana yanka ƙasa. A Kaita, cikin Adar, aikin da aka soma a 1984 da tallafin Italiya bai faro daga kwari ba. Daga kan duwatsu aka faro, da jerin duwatsu masu tare ruwa, da ramukan dashe, da shingaye a cikin koramu, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a kansu. Ramukan tare ruwa irin rabin-wata da tassa ba baƙin abu ba ne a wajenmu. A jihar Maraɗi manoma sun mayar da itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma, ba tare da dashe ba. In za a kasa kuɗin aikin tabki, ni a ganina kaso mafi tsoka na tudu ne. A kuma yi ɗan rami a bakin da korama ke shigowa, inda rairayi zai kwanta kafin ruwa ya wuce, a riƙa yashe shi kowace shekara da gayya.

Akwai kuma abin da za mu rasa in muka mayar da tabki rami mai tsayayyen baki, wanda ba a cika lissafa shi ba domin masu shi ba su da murya a taro. Faɗin nan marar zurfi da rana ke shanyewa shi ne gonar wasu. Yadda ruwa ke ja da baya haka tsofaffi da zawarawa ke bin danshi suna shuka wake da rogo da dankali da kabewa, ba guga ba inji. Bagaruwa da giyayya suna son ƙafarsu cikin ruwa wata biyu ko uku, sa'an nan ta bushe. Gaiwa tana kwance cikin lakar nan tana jiran damina, bado yana da saiwarsa a ciki, kirinjijiya da ɗinya a ruwa marar zurfi suke kiwo. Ku samari masu son wurin shaƙatawa, inuwa da tsuntsayen da kuke so a wannan gefen suke. Shi ya sa nake cewa a zaɓi kusurwa ɗaya inda laka ta fi kauri a zurfafa, sauran a kwashe masa baƙon rairayi kawai a bar shi yadda Allah ya yi shi.

Tun da na juyo gare ku, ƴaƴana da ƙannena, bari in gaya muku abin da ruwa mai kwana shekara ke zuwa da shi. Yana zuwa da tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwa, ta shiga fatar mai wanka, yaro ya wayi gari yana fitsarin jini. Bushewar tabki na wasu watanni tana rage katantanwar nan ƙwarai, tabkin da ba ya bushewa kuwa gidansu ne. Yana zuwa da sauro har cikin rani. Yana zuwa da kacala, wadda in ta kama wuri sai ta rufe shi, kamar yadda ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru. Manyanku sun san kurkunu, sun san daga ruwan tabki ake shan sa, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Ba na kawo waɗannan don a fasa ba. Na kawo su ne don a sa likita cikin shawara tun farko, a raba wurin wanka da mashayar dabbobi, ruwan sha kuma ya fito daga rijiya ko famfo.

Sai bakin ramin. Yaran garin nan sun saba da tabkin da za ka yi tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwa ba. In aka yanka masa rami mai mita uku a tsaye, ruwa ya rufe, ba mai ganin inda ya soma. Kano ta sha binne yara saboda kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini. Saniyar da fari ya ramar ma in ta zame a irin wannan baki ba ta tashi. Dole gangaren ya zama mai sauƙi, a kafa alamu masu tsayi da za su fito saman ruwa, mashaya kuma a zuba mata tsakuwa.

Kada kuma fari ya mantar da mu ambaliya. A Kano, madatsar Bagauda da aka gina zamanin Audu Bako, har da otal a bakinta don masu zuwa hutu, ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarna. Mu ma nan Nijar mun ga daminar 2020, mun ga ta 2024 wadda ta ci ɗaruruwan rayuka ta rushe gidaje ba iyaka. Duk wanda zai tare ruwa ko ya yi wa tabki ganuwa, ya fara nuna mana ta inda rarar za ta fita, da unguwar da ke ƙasa da wurin.

Ranka ya daɗe, na bar magana mafi nauyi a ƙarshe domin taka ce da masu gari. Ruwan da ke ƙafewa a Fabrairu ba mai faɗa a kansa a Mayu. Ranar da ya zama shi kaɗai ne ruwa a buɗe cikin tafiyar yini guda, kowa zai zo. Masu garka za su matso da shingensu har bakin ruwa, wani zai kawo injin ban ruwa ya zuƙe cikin mako abin da garke zai sha wata guda, garkunan da rashin tsaro ya koro daga wajen Abala da iyakar Mali za su sauko, ciyawar da ke kewaye ta ƙare tun kafin ruwan ya ƙare. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa makiyayi haƙƙin isa ga ruwa, kuma akwai kwamitocin filaye da aka kafa don irin wannan. Amma takarda a Yamai ba ta buɗe burtalin da aka shuke. Mun ji abin da ya faru a Toda cikin jihar Maraɗi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, Allah kada ya maimaita mana.

Don haka kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya, a zauna da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, maza da mata, a taka bakin tabkin da ƙafa. A kafa duwatsu a kan burtali da mashaya. A faɗi iyakar garka, a faɗi ko an yarda da injin ban ruwa da watan da za a kashe shi, a faɗi ranar da za a buɗe kamun kifi da wanda zai karɓi kuɗinsa in an zuba tarwaɗa da karfasa, a ware wa yara gefensu. A rubuta, kowane ɓangare ya sa hannu a gabanka da gaban kwamitin filaye, a ajiye kofi a fada, kofi a ofishin magajin gari, kofi a hannun ardo. Ramukan gwaji kuwa ana iya soma su cikin makon nan, tun da ƙasa ta riga ta bushe, kuma na ga magina rijiya zaune a nan gaba.

 Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nasa ne.